Tattaki zuwa bakin tekun Cape Three Points: tambayoyi da amsoshi

Ina ne wannan wuri?

A Yankin Yammacin Ghana yake, tsakanin Dixcove da Princes Town, kuma nan ne ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu. A kan wani tsauni a bakin tekun akwai hasumiyar fitila mai yi wa jiragen ruwa jagora, wadda aka gina a 1925, ga kuma kangon tsohuwar ta 1875 a gefenta.

Ta ina ake bi?

Daga Takoradi a hau tro-tro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, a sake mota zuwa ƙauyen Akwidaa. Daga nan sai ƙafa, ta cikin rairayi, ƙarƙashin itatuwan kwakwa, a ratsa wuraren da masunta ke gyaran koma kusa da kwale-kwalensu. A kama hanya da asuba. Tafiya a rairayi na cin ƙafa fiye da yadda ake zato, rana kuwa in ta take ba ta sassauci.

Za a iya yin iyo in an isa?

Nan ne abin tsoron. Wanda ya ƙware a kogi ko dam kada ya ɗauka teku ma haka take. Akwai wuraren da ruwan da igiya ta turo gaɓa yake komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, ya ja mutum. Abin takaici, wurin yakan fi ko'ina kama da lafiya, don igiya ba ta fashewa a can, ruwan ya yi duhu ya kwanta luf. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa. A ganina, kada kowa ya shiga sai ya tambayi masunta. Su ma suka san lokacin da teku ke cika ta toshe hanyar bin duwatsu.

Me za a riƙe?

Ruwan sha mai yawa, guzuri, malafa, takalmi mai riƙe ƙafa, da tsabar kuɗi.

Wane lokaci ya fi?

Rani, wajen Nuwamba zuwa Maris. Damina na da ƙarfi a wannan yanki, hanyoyin ƙasa kan caɓe. A lokacin ranin ne kuma kunkurun teku ke fitowa da dare su binne ƙwai a rairayi, don haka kada a haska su da tocila, kada a tone ramukansu.