Ƙarancin Gidaje da Hanyoyi a Tsaunin Mambila

Tsaunin Mambila yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma Gembu ce hedikwatar yankin. Ya shigo cikin Najeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Mambilawa da Fulani da Kaka da Panso da Kambu ne mazaunansa, sai Hausawa 'yan kasuwa.

Tushen matsalar gidaje a nan hanya ce. Babban titin da ake bi daga Jalingo yana ratsa Bali da Serti, daga Mayo Selbe kuma ya fara hawa yana murɗawa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, har ya kai Maisamari da Nguroje da Gembu. Buhun siminti da bandir ɗin kwano da rodi duk ta nan suke hawa. Babbar mota mai lodi takan yi tafiyar hawainiya, idan ta lalace a kwana sai ta tare kowa. Kafin kaya ya isa, kuɗin mota ya riga ya hau kansa, shi ya sa gini yake tsada fiye da na garuruwan ƙasa.

Mafi yawan mutane da bulon ƙasa suke gini, su yi rufi da katakon itacen turare, wanda aka shuka da yawa a tsaunin. Sai dai damina a nan doguwa ce, ga hazo da sanyi. Bangon da ba a yi wa yaɓen siminti ba, ruwa yakan cinye shi daga gindi.

Fili ma ba a sake yake ba, ko da yake baƙo zai ga ciyawa iya ganinsa. Yawancinta makiyaya ce da aka kewaye da waya, ga gonaki, ga gonar shayi ta Kakara. Rikicin manoma da makiyaya na 2017 ya raba mutane da muhallansu, sannan 'yan gudun hijira daga yankin Kamaru mai magana da Turanci suka ƙaru a kan masu neman ɗaki.

Ƙauyukan da ke ƙetaren Kogin Donga sun daɗe suna dogaro da kwale-kwale, sauran tafiyar kuma sai babur.

Abin mamaki shi ne batun lantarki. An shafe gomman shekaru ana maganar tashar wuta ta Mambila, wadda aka tsara mata ƙarfin megawat 3,050 a 2017. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar dala biliyan 5.8 da kamfanonin Sin, amma shari'a da kamfanin Sunrise Power ta dabaibaye aikin. Da yawa daga mazauna tsaunin kuwa da janareta da sola suke kunna fitila.