Mece ce "debi" a ban ruwan gut-a-gut?

Duk wanda ya shiga shagon kayan noma a Tawa ya nemi tiyon gut-a-gut, ba zai fito ba sai an tambaye shi: "Alhaji, na debi nawa za a kawo?" Da yawa sukan ce a ba su mai ƙarfi, wai ruwa da yawa shi ne kuɓewa da yawa. Daga nan kuskuren yake farawa.

Kalmomin biyu daga Faransanci muka aro su. Gut-a-gut shi ne ban ruwa ɗigo-ɗigo: tiyo siriri mai ƙananan ƙofofi, a shimfiɗa shi gindin shuka, ruwa ya riƙa ɗiga kan saiwa daga tano ko shato da aka ɗora sama. Fasahar ta bunƙasa a Isra'ila cikin shekarun 1960, a nan Nijar kuma tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yi aikin yaɗa ta ga masu ƙananan garake. Debi kuwa shi ne yawan ruwan da ƙofa ɗaya take fitarwa cikin awa guda: lita 1, lita 2 ko lita 4.

To amma debi saurin fitar ruwa ne kawai. Abin da kuɓewa ta sha a wuni sai an haɗa da yawan ƙofofi da tsawon lokacin da aka bar ruwan a buɗe. A ce fili mai murabba'in mita 10, da ƙofofi 30 masu lita 2. Awa ɗaya ta ba shi lita 60, wato lita 6 a kowane murabba'in mita, abin da malaman gona suke kira milimita 6. Da ƙofofi masu lita 4, rabin awa ya isa a zuba wannan adadin. Lissafi ɗaya ne, amma ƙasa ba ɗaya take karɓarsu ba.

A jigawa ruwa ba ya tsayawa yawo gefe, ƙasa yake nutsewa kai tsaye. Idan aka sakar masa debi mai yawa na dogon lokaci, sai ya wuce saiwa, ya tafi da takin zamanin da aka saya da tsada. Ganye ya yi ɗorawa, mai garka ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. A irin wannan ƙasa na fi yarda da ƙaramin debi, a raba shi safe da maraice. A fadama mai laka, irin ta kwarin Maggiya, matsalar daban ce: ruwan kwanciya yake yi, saiwa ta rasa iska ta fara ruɓa.

Ita kanta kuɓewar, ko guro kamar yadda wasunmu suke cewa, shanta ba ɗaya ba ne kullum. Tana ƙarama kaɗan ya ishe ta. Da ta fara fure, wajen kwana 40 zuwa 50 bayan shuka ga iri mai saurin yi kamar na Ƙonni, nan ne ba ta yafe ƙishirwa. Furen ya kakkaɓe, ƴaƴan da suka tsira su fito gajeru, su yi saurin tauri, matan kasuwa su karya bakin ƴaƴan su ajiye maka abinka. Ga shi ana tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, tana sake fure, don haka awar da ta wadatar a Fabrairu ba za ta kai ko'ina ba a zafin Afrilu da Mayu.

Abin da aka rubuta jikin tiyo ma ba a rantsuwa da shi. Laka da gansakuka suna toshe ƙofa idan ba a wanke matatar ruwan ba, ƙofofin ƙarshen layi kuma sukan fi na farko rauni. Sai a tara robar ruwa mai rabin lita a ƙarƙashin ƙofa ɗaya a duba agogo: mai lita 2 ta gaskiya za ta cika ta cikin minti 15. A gwada ta farkon layi, a gwada ta ƙarshe.