Maganar Indiya ta ci Najeriya 99 da 1 ba gaskiya ba ce

Har yanzu a majalisar mai shayi, daga Tudun Wada har Kawo, sai ka ji babban mutum yana rantsuwa wai Indiya ta taɓa zura mana ƙwallo 99, wai ƙwallon na rikiɗa ta koma zaki, wai shi ya sa FIFA ta kore su. Jama'a wannan wasan fa ba a taɓa buga shi ba.

Ci mafi yawa a wasan ƙasa da ƙasa shi ne 31 da nema, Ostareliya ce ta yi wa Samoa ta Amurka a 2001. Mu kuwa mafi munin kashin da muka sha 7 da nema ne a hannun Ghana a 1955, lokacin ana ce mata Gold Coast.

Su Indiya ba wanda ya kore su don tsafi, sun samu gurbin kofin duniya na 1950 a Brazil su da kansu suka janye, kuma har gobe suna buga ƙwallonsu.

Abin da ya fi ɓata min rai masu cusa ɗan wasanmu Samuel Okwaraji a ciki, wai shi ya ci mana ƙwallo ɗayar ya mutu. Bawan Allah a Legas ya yanke jiki ya faɗi, 12 ga Agusta 1989, muna wasa da Angola, ciwon zuciya ne.