Ma'anar Broadway da abin da masu amfani da kalmar suke mantawa

A 'yan kwanakin nan kalmar Broadway ta shiga bakin masu gabatar da shirye-shiryen nishaɗi da masu tallan bukukuwa, har ta kai duk inda aka kunna fitilu masu launi, aka jera 'yan rawa cikin anko, sai ka ji an ce ai wasan irin na Broadway ne. Wasu kuma suna ambaton ta kamar sunan wani katafaren gini guda ɗaya a Amurka, inda mawaƙi kan je ya cashe dare ɗaya ya dawo gida da hotuna. Duka biyun kuskure ne, amma na farkon ya fi damuna, domin yana ƙwace sunan daga hannun mutanen da guminsu ya gina shi, ya miƙa shi ga mai ba da hayar fitila.

Asalin kalmar sunan titi ne a tsibirin Manhattan na birnin New York. Kafin zuwan Turawa turba ce da 'yan asalin ƙasar suke bi da ƙafa, mutanen Holan da suka kafa gari a wurin suka faɗaɗa ta, kuma bayan da Ingila ta karɓe garin a 1664 sunan da ya zauna mata bai wuce "faffaɗar hanya" ba. Titin ya ratsa Manhattan tsawon kimanin kilomita 21, kuma galibinsa shaguna ne da ofisoshi da gidajen kwana.

A bakin 'yan sana'ar wasan dandamali kuwa, kalmar tana da iyaka wadda ake iya ƙirgawa. Gidajen wasa 41 ne ake kira na Broadway, kowanne yana da kujeru 500 ko fiye, kuma kusan dukkansu suna cikin unguwar da ta kewaye dandalin Times Square. Kaɗan ne daga cikinsu ƙofarsu take kan titin Broadway ɗin kansa, sauran suna kan titunan da suka gitta shi. Gidan da kujerunsa suka kama daga 100 zuwa 499 ana kiran sa Off-Broadway, ko da kuwa wasan da ake yi a cikinsa ya fi na babban gidan kyau. Wannan rabon ne yake yanke irin kwantiragin da ɗan wasa zai sa wa hannu, da mafi ƙarancin albashinsa, da kuma ko wasan zai shiga takarar kyautar Tony, babbar lambar yabo ta wasannin Broadway, wadda aka fara bayarwa a 1947. Birnin Landan yana da nasa kwatankwacin, wato West End.

Misalin da ya fi fayyace mini wannan lamari shi ne wasan Fela!, wanda aka gina a kan rayuwar Fela Anikulapo Kuti da kiɗansa. An fara nuna shi a 2008 a wani gidan Off-Broadway, ƙarƙashin jagorancin Bill T. Jones, wanda shi ne kuma ya tsara raye-rayen. A watan Nuwamban 2009 aka mai da shi gidan Eugene O'Neill da ke titi na 49, mai kujeru sama da 1,000, kuma daga wannan lokacin ne ya cancanci sunan wasan Broadway, ko da yake labarin yana nan a kan Fela da gidan rawarsa na Legas da mahaifiyarsa Funmilayo. A 2010 ya shiga takarar Tony a fannoni 11, ya ci uku, ciki har da na tsara rawa. Amma abin da ya kamata mai son fahimtar kalmar ya lura da shi wani ne daban. Mai fitowa a matsayin Fela kusan ba ya barin dandamali daga buɗe labule har rufewa. Yana waƙa, yana rawa, yana jan 'yan kallo da zance, yana jagorantar makaɗa. Nauyin ya kai matsayin da aka ga mutum ɗaya ba zai ɗauke shi kowane dare ba, don haka aka raba wasannin mako tsakanin mutum biyu, Sahr Ngaujah da Kevin Mambo. Sauran 'yan rawa da 'yan amshi kuwa ba wanda ya raba musu, su ne a kowane wasa.

Wasa takwas ake yi a mako, cikin kwana shida. A al'adar da aka fi sani ranar Litinin ce hutu, Laraba da Asabar kuma sau biyu ake yi, ɗaya da rana ɗaya da dare, kowanne yana cin kimanin awa biyu da rabi. Doka ce ɗan wasa ya sa hannu a takardar halarta aƙalla rabin awa kafin a ɗaga labule, amma mai rawa da ya san ciwon jikinsa tun kafin nan ya iso, ya miƙe jijiyoyi, ya ɗumama murya. Ana ɗaure masa 'yar na'urar makirufo a kugu ko a ƙarƙashin gashin da aka ɗora masa, a bi da siririyar wayar ta cikin suma har bakinta ya leƙo a goshi. Makaɗa suna zaune a wani rami a gaban dandamali ko a bayansa, suna bin hannun madugunsu. A bayan labule, cikin duhu, akwai masu sa kaya da ke tsaye da riga a buɗe da takalmi a jere, domin wani canjin kayan ba ya kai minti ɗaya, kuma wanda ya fito yana haki daga rawa dole ya koma ya rera baiti na gaba ba tare da an ji hakin ba.

Nan ne wanda ya saba da finafinanmu na Hausa ko na Indiya zai iya ruɗewa. A fim an riga an ɗauki waƙar a situdiyo, sau da yawa ma da muryar wani mawaƙin daban, jarumi yana bin ta da baki, idan an yi kuskure a yanke a sake. Wannan sana'a ce mai zaman kanta kuma ba na raina ta. A dandamalin Broadway kuwa wanda ka gani shi kake ji, kuma ba a yankewa. Abin da ya fi wannan wuya shi ne maimaici: da zarar an kammala tsara wasa, ba a yarda kowa ya ƙara ko ya rage don ya gaji ko don nishaɗi ya ɗebe shi ba, kuma akwai mai kula da dandamali da shugaban 'yan rawa da suke rubuta duk wanda ya kauce, su same shi da gyara kafin wasa na gaba. Mutumin da ya biya kuɗin tikiti a wata na goma yana da haƙƙin ganin abin da aka gani a daren farko. Shi ya sa za ka ji mawaƙi yana yin yini guda bai yi magana ba don ya adana murya, kuma ganin mai gyaran jijiya da gaɓoɓi ya zama wani ɓangare na aikin mako.

Akwai kuma waɗanda ba kasafai ake jin sunansu ba, alhali su ne suke hana a rufe ƙofa. Kowane babban matsayi yana da ɗan ko-ta-kwana da ya haddace shi, kamar ɗan benci a filin ƙwallo. Mafi wahalar aiki a cikinsu shi ne na wanda suke kira suwin, wanda yake haddace matsayin mutane da dama cikin 'yan rawa da 'yan amshi, wani lokaci har takwas ko fiye, ya san inda kowanne yake tsayawa, da ƙofar da yake fita, da muryar da yake ɗauka a amshi. Yana iya shafe kwanaki a zaune da littafinsa, sannan a kira shi awa ɗaya kafin wasa a ce yau shi ne wane. Kuskurensa na taku ɗaya yana iya sa wani ya faɗi ko katakon ado mai motsi ya buge shi. Bayan da annobar korona ta sa aka rufe gidajen duka a ranar 12 ga Maris 2020, aka sake buɗewa sosai a Satumban 2021, cutar ta dawo a Disamba ta kwantar da 'yan wasa da yawa. Wasu wasannin dole aka soke su, waɗanda suka ci gaba kuwa a kan waɗannan mutanen suka dogara.

Tsarin da ya kare su bai zo a banza ba. Ƙungiyar 'yan wasan dandamali ta Amurka, Actors' Equity, an kafa ta ne a 1913, a zamanin da ake sa mutum atisaye na makonni ba ko sisi, kuma sai da ta yi yajin aiki a 1919 kafin masu gidajen wasa su amince da ita. A yau mafi ƙarancin albashin ɗan wasan Broadway ya haura dala 2,000 a mako, adadin da zai burge mai jin sa daga nesa, sai dai daga ciki ake cire haraji da kason wakili da kuɗin haya a ɗaya daga cikin biranen da suka fi tsada a duniya. Ga shi kuma aikin ba shi da tabbas. Wasannin da suke mayar da jarin da aka zuba musu ba su kai waɗanda suke faɗuwa yawa ba, kuma idan ciniki ya ja baya sanarwar rufewa takan zo da gajeren wa'adi. Saboda haka mutumin da ya sauka daga dandamali wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare yakan wayi gari a layin tantancewar wani wasan, ko a ajin rawa, ko wurin malamin murya, kafin ya koma gidan wasa da rana don atisayen 'yan ko-ta-kwana.