Evil Dead II (fim na 1987)

Evil Dead II fim ne na ƙasar Amurka da ya haɗa ban tsoro da barkwanci, wanda aka fara haskawa ranar 13 ga Maris, 1987. Sam Raimi ne darakta, shi da Scott Spiegel suka rubuta labarin, Robert Tapert ya shirya, Bruce Campbell kuma ya fito a matsayin jarumin, Ash Williams. Tsawonsa minti 84 ne. An kashe masa kimanin dala miliyan 3.5, kuɗin da ba su taka kara sun karya ba a ma'aunin manyan kamfanonin fim na can, ya kuma samo kusan dala miliyan 6 a sinimomin Amurka. Kaset ɗin bidiyo ne ya yaɗa sunansa a duniya.

Asali

Raimi da Campbell abokai ne tun suna makarantar sakandare a jihar Mishigan. A 1978 suka yi wani gajeren fim don su nuna wa masu hannu da shuni abin da za su iya, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna neman jari. Da abin da suka tara suka tafi wata tsohuwar bukkar katako a dajin da ke kusa da Morristown, jihar Tenesi, suka ɗauki fim na farko, The Evil Dead, cikin hunturun ƙarshen 1979 zuwa farkon 1980. Ana saɓani kan kuɗin da ya ci, amma galibi ana cewa tsakanin dala dubu 350 ne da dubu 400. Rashin kayan aiki ya sa suka ɗaure kyamara a tsakiyar katako, mutum biyu suka riƙe gefe da gefe suna sheƙa gudu cikin daji, sai hoton ya fito kamar idon wani abu da ke bin mutum yana shawagi a kan ƙasa. Wannan dabara ta zama tambarin fina-finan Evil Dead duka.

An haska na farkon a 1981. Marubucin labaran ban tsoro Stephen King ya gan shi a bikin fina-finai na Kan, a Faransa, cikin 1982, ya yabe shi, yabon kuma ya buɗe masa kasuwa. A Ingila an sa shi cikin jerin kasakasan da hukuma ta sa wa ido saboda yawan jini. Fim ɗin da Raimi ya yi bayansa, a 1985, bai yi kasuwa ba, sai ya koma gonar da ya sani. An ce King ne ya yi masa hanya wurin attajirin furodusa Dino De Laurentiis, wanda ya zuba kuɗin na biyun. An ɗauke shi a 1986 a garin Wadesboro na jihar Karolina ta Arewa, inda aka gina cikin bukkar a zauren motsa jiki na wata makaranta.

Labari

Ash ya kai budurwarsa Linda wata bukka a daji. Ya tarar da rikodar wani farfesa da ke karanta kalmomi daga wani tsohon littafin tsafi, ya kunna. Kalmomin suka tayar da aljanun dajin, suka shiga jikin Linda, gadar da za a bi a fita kuma ta karye. Daga baya 'yar farfesan ta iso da mutum uku, matar farfesan kuma tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta zama dodanniya. A ƙarshe guguwa ta zuƙe Ash da motarsa ta jefa su shekarar 1300.

Abin yabo

Ƙarfin fim ɗin yana jikin Bruce Campbell. Kusan sulusin farko shi kaɗai ne a ɗaki, yana faɗa da kansa. Akwai fitowar da aljani ya shiga hannunsa na dama: hannun ya damƙi gashin kansa, ya riƙa ɗaukar faranti yana fasa masa a ka ɗaya bayan ɗaya, ya kama shi ta ƙeya ya wuntsula shi ya buga da ƙasa, sannan ya ja sumammen jikin da 'yan yatsu zuwa inda wuƙa take. Babu kwamfuta a wannan wuri, mutum ne ya koyi yadda zai raba jikinsa biyu, rabi mugu rabi abin tausayi. Raimi bai ɓoye cewa wasan mare-mare da faɗuwa na tsoffin 'yan barkwancin Amurka uku, The Three Stooges, ya koya ba.

Sai fitowar dariya. Kan barewa da ke rataye a bango ya juyo ya ƙyalƙyale, fitila ta riƙa sunkuyawa tana miƙewa, littattafai suka ɗauka, har Ash ma ya bi su da dariyar wanda hankalinsa ya fara gushewa. Mai kallo yana dariya, tsigar jikinsa tana tashi, kuma kaɗan ne fina-finan da suka iya haɗa waɗannan biyu a numfashi ɗaya.

Kwalliyar dodanni aikin hannu ce, ta roba da fenti, a ƙarƙashin Mark Shostrom. Uku daga yaransa, Greg Nicotero da Howard Berger da Robert Kurtzman, sun kafa nasu kamfanin a 1988. An yi jinin baƙi da kore a wurare da dama don a sassauta hukuncin masu tace fim, amma duk da haka sai da aka fitar da shi ba tare da tambarinsu ba, da sunan wani ƙaramin kamfani, Rosebud.

Naƙasu

Labarin siriri ne, mutanen da suka iso daga baya kuma ba a gina su ba. An kawo su ne don su yi ihu su mutu. Matan ciki ba su sami abin yi sosai ba, in ban da 'yar farfesan. Talaucin aikin yana leƙowa: ana hango saman bangon da aka kafa a zauren, rigar robar dodanniyar da Ted Raimi, ƙanen darakta, ya saka ta yage a wata fitowa, rawar gawar Linda kuma kowa ya gani ya san 'yar tsana ce. Mintunan farko sun rikita mutane, domin ba a sami izinin amfani da hotunan fim na farko ba, sai aka sake ɗaukar taƙaitaccen labarinsa da mutum biyu maimakon biyar. Har yau wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa maimaici ne.

A gidajen kallo na karkara

Fina-finan Amurka irin wannan sun shiga ƙauyukan Kano da Jigawa ta hanyar da na Indiya da na Cainis suka bi, wato kaset da gidan kallo, daga wajajen ƙarshen shekarun 1980. Gidan kallo rumfa ce ta zana ko langa-langa, da bencina, da talabijin ɗaya a kan tebur, janareta yana ruri a baya, yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. Yara kan leƙa ta hudar zana. Ba a fassara a wancan zamani, don haka fim mai yawan surutu ba ya riƙe mutane, wanda kuma jiki ke magana a cikinsa ba ya buƙatar tafinta. Ta wannan fuska Evil Dead II ya dace da rumfar: wanda bai san kalma ɗaya ta Turanci ba zai bi shi daga farko har ƙarshe.

Abin da ke ciki ma ba baƙo ba ne ga Bahaushen karkara. Ya san ba a zama gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana ko da almuru. Ya san shafar aljanu, yadda murya kan sauya ƙarfi ya ƙaru. Ya kuma san gargaɗin malamai kan karanta ɗalasiman da mutum bai san kansu ba kuma ba a ba shi izini ba, wanda shi ne ainihin gangancin da ya jawo bala'in cikin labarin. Inda ake rabuwa shi ne magani. A nan ruƙiyya ake yi a ceto marar lafiya, a fim ɗin kuwa zarton inji da bindiga mai baki biyu ake ɗauka a daddatsa shi, abin da ya sa iyaye da malamai da dama ba sa son yara su kalli irinsa. Tsiraicin da ya ɗan gifta a rawar Linda wani dalili ne.

Haɗa tsoro da dariya kuwa tsohon abu ne a tatsuniyar Gizo da Dodo, ya kuma sake bayyana a fina-finan camama, masu ƙaramin jari da saurin ɗauka. Wanda ya saba da yadda marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, ke zare ido ya zura da gudu, zai gane irin aikin da Campbell ke yi da fuskarsa, ko da yake babu wata alaƙa tsakanin su biyun. Bayan fitowar fina-finan Hausa na bidiyo daga 1990, da kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, da shigowar kallon ƙwallon Turai, kasuwar irin waɗannan kasakasai ta ja baya a rumfunan. Yanzu a waya ake samunsu, wurin masu tura fina-finai.

Abin da ya biyo baya

Fim na uku, Army of Darkness, ya fito a 1992, ya ɗora daga inda guguwar ta ajiye Ash. An yi shirin talabijin mai dogon zango kan labarin Ash, da Campbell, daga 2015 zuwa 2018. Raimi ne ya ba da umarnin Spider-Man na 2002.