Shin magana za ta iya warkar da firgicin da ya ƙi barin zuciya?

Wane ciwo ne wannan?

Mutum ya kuɓuta daga harin 'yan bindiga ko hatsarin mota, watanni sun shuɗe, amma ƙarar babur da daddare sai ta sa gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa. Yana mafarkin abin, yana kauce wa hanyar da ya faru. In hakan ya zarce wata guda yana hana shi sakat, likitoci na kiransa PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa. A 1980 aka sa shi a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, bayan halin da sojojin yaƙin Biyetnam suka shiga.

Ba gara a ce ya yi haƙuri ya manta ba?

Da kyakkyawar niyya muke faɗar haka, amma gudun tunanin shi ke raya ciwon. Ƙwaƙwalwarsa ba ta ajiye abin a matsayin wanda ya wuce ba, kullum ji take yanzu yake faruwa.

Yaya zaman jinya ta hanyar magana yake?

Ba hirar zaure ba ce. Akan zauna da ƙwararre sau ɗaya a mako, yawanci zama 8 zuwa 12. Akwai wata hanya da masana na Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara domin 'yan gudun hijira, ita ce ta fi taɓa min zuciya. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, ita ce rayuwar mutum. Ya ɗora fure a kowane lokacin farin ciki, dutse a kowace masifa. Sai a bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya: me ka gani, me ka ji, ina kake tsaye? A hankali dutsen yake komawa gurbinsa a baya. Ragowar igiyar kuwa a naɗe ake barinta, kwanakin da ke gaba ke nan.

Tono abin ba zai ƙara masa ciwo ba?

Makonnin farko sukan yi nauyi, shi ya sa ba a yi wa kowa dole. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin wannan jinya, kuma jinyar ba ta hana addu'a ko kulawar dangi.

Ina za a nema?

A Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. Ka tambayi sashen masu ba da shawara, kuma ka raka ɗan'uwanka zaman farko.