Waiwaye: yadda bindiga ta maye gurbin ganga a hannun yaro

Har yanzu ana ja-in-ja kan yaran da ake ƙwatowa daga hannun mayaƙa a yankin Tafkin Chadi. Wasu na cewa a hukunta su, wasu na cewa ai su ma zaluntarsu aka yi. Mai sauraro sai ya ɗauka jiya aka fara kai yara fagen daga.

Rundunonin Turai sun daɗe suna tafiya da yara makaɗa, domin a wancan zamani da ganga ake isar da umarni cikin hayaƙi da rugugi. Haka aka yi a yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865. Wanda ya fi shahara shi ne John Clem, da ya shiga gumurzun Chickamauga a 1863 yana ɗan shekara 12. Sai da aka datse masa bindiga kafin ta yi daidai da shi.

Wannan datsewa ce ba a cika kula da ita ba. Bindigar lokacin 'yar'uwar harba-ka-ruga ce, tsawonta ya kusa mita ɗaya da rabi. Ta baki ake ɗura ta: soja ya yage takardar albarushi da haƙori, ya zuba, ya danna harsashi da sandar ƙarfe, sannan ya saita. Gwani ne ke harbi uku a minti ɗaya. A ganina shi ya sa ake miƙa wa yaro ganga, ba wai tausayi ne ya yi yawa ba.

Sai ga AK-47, daga bisani a 1959 samfurin AKM, mai kilo uku da ɗoriya, ba ta kai mita ɗaya ba, tana cin harsashi 30. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, ta yi arha, ta bazu har Laberiya da Saliyo. Rahoton da Graça Machel ta rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1996 kan yara da yaƙi ya ce ɗan shekara 10 ma zai kwance irin wannan bindiga ya mayar.

Su kuwa dokokin duniya, shekaru suka yi ta ƙirgawa. A 1977 aka yanke cewa kada a sa yaron da bai kai shekara 15 ba a yaƙi. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, amma da aka zo batun yaƙi sai ta bar shi a 15, ba a gyara ba sai a 2000. Yarjejeniyar cinikin makamai kuma sai a 2014 ta fara aiki, shekara uku bayan makaman Libiya sun fara kwararowa Sahel.